Bin Sawun Funfuna a Cikin Huhu: Taƙaitaccen Tarihi

Bahaushe ya daɗe da sanin cututtukan funfuna da kan fito a fata, irin su makero da kyasbi, domin ido na ganinsu. Akwai kuma funfunar da kan shige cikin jiki ta ɓuya. Shahararriya daga cikinsu ita ce Aspergillus, wadda ke rayuwa a juji da rumbun hatsi. Kullum muna shaƙar ƙwayoyinta ba tare da ta cutar da mu ba, sai fa wanda garkuwar jikinsa ta raunana, ko wanda tarin fuka ya bar wa rami a huhu. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda likitoci suka koyi gano wannan ɓoyayyiyar cuta.

Mafarin al'amarin shi ne shekarar 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen na ƙasar Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji da shi. Sai dai wannan hoto inuwa kawai yake nunawa, kuma inuwar funfuna ta yi kama da ta tarin fuka. A 1923 George de Hevesy, mutumin Hangari, ya shayar da tsiron wake ruwan da ya gauraya da dalma mai fitar da hasken nukiliya, ya kuma bi sawunta daga saiwa har ganye. Wannan dabara ta sinadarin bin sawu ita ta kai shi ga lambar Nobel ta 1943.

Daga nan dabarar ta shiga asibiti. A 1976 aka fara yi wa ɗan Adam allurar wani sukari mai ɗauke da irin wannan haske, wato FDG, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Duk inda jiki ke yaƙi da cuta yakan zuƙe sukarin, sai wurin ya haskaka a na'ura. Amma da sauran rina a kaba, domin ciwon daji da tarin fuka da funfuna duk haske ɗaya suke bayarwa.

Masu iya magana kan ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Funfuna ba ta iya yaɗuwa sai da sinadarin ƙarfe, don haka takan saki wasu 'yan aike su kwaso mata shi daga jikin majiyyaci. A 2010 masana a birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya suka ɗora wa ɗan aiken sinadarin galiyom mai haske a maimakon ƙarfe. Funfunar ta haɗiye shi, ta tona asirin maɓoyarta a huhun ɓerayen gwaji. Wannan hanya tana matakin bincike tukuna.

To, ina ruwanmu da wannan tarihi a nan Galtimari? Wani bincike da aka buga a 2017, wanda aka gudanar a Legas da Ilori kan majiyyata 208 da ake yi wa maganin tarin fuka, ya nuna kusan kashi 9 cikin ɗari suna ɗauke da wannan funfuna a huhu. Maganin tarin fuka kuwa ba ya kashe ta. Ke nan mai tari zai iya shafe wata shida yana shan ƙwayoyi, yana ci gaba da ramewa, dangi su koma zargin sammu.

Babban cikas shi ne waɗannan sinadarai ba su jure tafiya. Hasken FDG kan ragu da rabi cikin minti 110, na galiyom kuwa cikin minti 68, don haka dole a haɗa su kusa da majiyyaci. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ana tatso galiyom daga wata ƙaramar tukunya da kan yi watanni tana aiki a cikin asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 mafi haɗari a 2022, kuma Aspergillus na cikin rukunin farko. Kafin irin wannan na'ura ta wadatu a Arewa, akwai gwajin jini mai sauƙi da kan nuna alamar cutar. Ya kamata duk wanda tari ya ƙi barinsa bayan kammala magani ya koma asibiti, ya tambayi likita ko funfuna ce.