Daga bukata zuwa sha'awa: tarihin wuƙar aljihu da kayan tsira da rai

Gabatarwa

A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara wuƙaƙe da kayan zaman daji. Kowace shekara suna jiran abin da masana'antu za su fitar, suna kuma bayyana burinsu: wuƙa marar nauyi, wadda ba ta tsatsa, ba ta dakushewa, ba ta karyewa. Manufarmu a wannan ƙasida ita ce mu bi sawun wannan buri cikin tarihi, mu ga inda ya samo asali da inda ya gifta ta ƙasarmu. Za mu dogara ga abubuwa biyu: ƙirar wuƙaƙen da kuma sunayen da aka laƙaba musu.

1. Wuƙar manomi da wuƙar soja

Wuƙaƙen da ake alfahari da su yau, talaka aka ƙera wa su. A 1890 Joseph Opinel, ɗan maƙera a yankin Sabuwa na Faransa, ya soma yin wuƙa mai ninkuwa da ƙotar icce domin manoma da makiyaya. A 1897 ya jera ta girma-girma, daga lamba 1 zuwa 12. Sai a 1955 aka ƙara mata zoben da ke kulle ruwan wuƙar don kada ta rufe a kan yatsa.

A ƙasar Suwis kuwa soja ne ya kawo bukatar. Ana son abu guda da zai buɗe gwangwanin abinci, ya kuma kwance sabuwar bindigar da aka raba wa dakaru. Kashin farko, wuƙaƙe 15,000, daga garin Solingen na Jamus aka sayo shi, kafin Karl Elsener na garin Ibach ya karɓi aikin a 1891. A 1897 ya fitar da ta hafsoshi, mai ƙaramar wuƙa ta biyu da abin buɗe kwalba. Sunan kamfanin ma tarihi ne: Victorinox haɗi ne na Victoria, sunan mahaifiyar Elsener, da “inox”, gajeren sunan ƙarfen da ba ya tsatsa a Faransanci. A 1913 Harry Brearley ya samo irin wannan ƙarfe a Sheffield ta Ingila.

2. Douk-douk da El Baraka

Nan ne tarihin ya ratso Afirka. A 1929 Gaspard Cognet, mai masana'anta a Thiers, garin maƙeran wuƙa na Faransa, ya ƙera wata wuƙa mai arha ƙwarai. Gaɓoɓinta shida ne kacal: ruwan wuƙa, ƙotar farantin ƙarfe da aka ninke, ƙarfen da ke riƙe ruwan, zoben rataya da ƙusoshi biyu. Tsibiran Melaneziya ya nufa da ita, shi ya sa ya zana mata dodon can da ake kira duk-duk. Kada mai karatu ya ruɗe, sunan ba shi da dangantaka da kalmar “duk” ta Hausa.

A tsibiran ba ta yi kasuwa ba. A Afirka ta Arewa ta karɓu, daga nan ta bazu zuwa sauran ƙasashen da Faransa ke mulka. Tun da hoton dodo bai dace da masu saye Musulmi ba, sai masana'antar ta fitar da wani samfuri mai suna El Baraka, kalmar Larabcin da ta ba mu “albarka”, aka zana masa tambarin Agadas a ƙota. Abin lura a nan shi ne, mai ƙira ya yi hasashen kasuwa bai dace ba, masu saye ne suka nuna masa inda wuƙarsa za ta zauna da adon da za ta ɗauka.

3. Lokacin da silima ta shiga maƙera

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu yawon daji ya zama abin hutu ga mazauna biranen Turai da Amurka, sai wuƙa ta koma kayan sha'awa. A 1982 fim ɗin Rambo na farko ya fito da wata babbar wuƙa da maƙeri Jimmy Lile na jihar Arkansas ya yi: bayanta zarto ne, ƙotarta kuma rami ce da ake cusa ashana da allura da zare. Nan da nan kwaikwayonta masu arha suka cika kasuwanni. Amma ƙota mai rami tana da aibi: ƙarfen ruwan ba ya ratsa ta har ƙarshe, don haka na arhar sukan ɓalle daidai mahaɗa. Wannan ya sa masu sha'awar suka koma neman wuƙar da ƙarfenta guda ne daga tsini har gindi.

A 1983 Tim Leatherman ya fitar da awartaki mai ninkuwa, da wuƙa da sauran kayan gyara a cikin hannuwansa. Daga nan gasar ta koma kan ƙarfe. Idan aka tsananta taurinsa, kaifi ya daɗe amma ya yi saurin tsagewa. Idan aka sassauta, ya jure duka amma ya dakushe da wuri. Ƙarfen MagnaCut da Larrin Thomas ya haɗa, wanda ya fito a 2021, ƙoƙari ne na sasanta tauri da juriya da ƙin tsatsa.

Doka ma ta sa hannu. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an hana shiga jirgin sama da wuƙar aljihu, cinikin wuƙaƙen Suwis ya faɗi, har Victorinox ya saye abokin gasarsa Wenger a 2005. A 2024 kamfanin ya sanar yana shirya samfurin da ba shi da ruwan wuƙa ko kaɗan.

4. Abin da harshenmu ya adana

Abin da Faransanci ke kira “matériel de survie”, Hausa ba ta ware masa suna guda ba, domin fatake da makiyaya ba su ɗauke shi wani abu daban da kayan tafiya ba. Kowane yanki da sunansa: wuƙa da kube, adda, ƙyastu na kunna wuta, salka ta ruwa, basilla ta ɗinkin fata, guzuri a burgami. Wasu sunayen suna nuna hanyoyin ciniki: “almakashi” daga Larabci yake, “takobi” kuma ɗan'uwan “takoba” ne na Abzinawa. Kayan da Bature ke neman cusawa cikin ƙota guda, ayari ya daɗe da rarraba su a jikin matafiyi da kan raƙumi.

Kammalawa

Mun ga cewa burin masu sha'awar wuƙa ya bi matakai uku: bukatar manomi da soja, hasashen ƴan kasuwa, sannan silima da gasar ƙarfe. A wajenmu kuwa, kowane kaya na waje da ya maye gurbin na gida yakan tafi da kalma: yaron da ya tashi da ashana da wuya ya san ƙyastu. Shawararmu ga ɗaliban sashen nazarin harsuna ita ce su zauna da maƙeran Maraɗi da Damagaram da Tawa, su rubuta sunan kowace wuƙa da gaɓoɓinta da aikinta, tun masu sanin suna raye.