Tsatsa da Masu Yaƙi da Ita: Tarihin Gyaran Bodin Motar MGB

Masu rubuta tarihin mota sun fi mai da hankali ga inji da gudu, amma galibin motocin da aka ƙera a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba mutuwar inji ce ta kai su juji ba. Tsatsa ce ta cinye su tun injinsu yana da sauran ƙarfi. Motar nan MGB, wadda aka yi ta harhaɗawa a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, har aka fitar da fiye da rabin miliyan, ta isa misali, domin a jikinta ana iya ganin yadda ciwon ya samo asali da kuma yadda maƙera suka yi ta sake dabara a kansa.

Da fari bodin mota aikin kafinta ne, gādon da aka ci daga masu yin keken doki. Sai a kafa ƙwarangwal na katako, a lulluɓe shi da fallen ƙarfe, sa'an nan a ɗora shi bisa firam, watau gadon ƙarfe mai kauri wanda ke ɗauke da inji da ƙafafu. Edward Budd, wanda ya kafa kamfaninsa a Filadelfiya ta Amurka cikin 1912, shi ne ya yi fice wajen kawar da katakon: a matsa falle a tsakanin sifofin ƙarfe biyu har ya ɗauki kamanninsu, a haɗa fallayen da walda. William Morris ya ga wannan aiki a Amurka, ya haɗa kai da Budd aka kafa kamfanin Pressed Steel a Cowley kusa da Oksford cikin 1926. Daga nan kuma maƙera suka ga firam ɗin kansa nauyi ne na banza. In an nannaɗe falle ya zama kamar akwati, aka haɗa akwatunan, bodin zai ɗauki kansa da kansa. Citroën ya yi haka a Faransa cikin 1934. MGA, wadda MGB ta gada, tana da firam. MGB ba ta da shi.

A nan ne matsayin tsatsa ya sake. Muddin akwai firam, huji a bodi muni ne kawai, motar tana nan da ƙarfinta. Da aka kawar da shi, sai ran direba ya rataya a kan falle wanda kaurinsa bai wuce kimanin milimita 1 ba. Abin ya fi tsanani ga MGB mai buɗaɗɗen sama, gama ba ta da rufin ƙarfe da zai riƙe gaba da baya. Abin da ke hana ta lanƙwashewa a tsakiya shi ne dokin ƙofa na dama da na hagu, kowanne kuwa akwati ne dogo: falle na waje wanda ido ke gani, da wani a tsaye ɓoye a cikinsa, da wata kwararo a ƙarƙashi.

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya gamu da ruwa da iska tare, gishiri kuwa yana gaggauta ta ƙwarai. Ba ta kuma kare abin da ke ƙarƙashinta, sai ta kumbura ta ɓare, ta buɗe wa ruwa sabon wuri. To, Ingila ƙasa ce mai ruwa, kuma lokacin da motoci irin wannan suka yawaita ya zo daidai da lokacin da zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara ya zama al'ada. Ƙafa ta watsa laka mai gishiri, lakar ta maƙale a bayan murfin ƙafa, ruwa ya tsiyaya cikin dokin ƙofa inda fenti bai kai sosai ba, ƙananan hujojin da aka bari don ya fita su toshe. Saboda haka tsatsar daga ciki take fitowa. Ran da mai mota ya ga fenti ya yi bororo, falle na ciki ya daɗe da zama gari. Wanda ya saba da ƙasa busasshiya zai yi mamakin wannan. Shi ya sa Turawan Ingila suka riƙa sayo MGB daga Kalifoniya da Arizona suna komo da su gida, da yake Amurka ce ta sayi mafi yawansu tun farko.

Maƙeran zamanin da dalma suke gyara lotsawa da haɗin fallaye. Ana gauraya dalma da kuza, irin wadda ake haƙa a Jos, wajen kashi 70 da kashi 30. A kankare ƙarfen har ya yi fari, a shafa masa kuza, a tausasa sandar dalmar da wuta har ta yi laushi kamar man shanu, a baje ta da ɗan katako da aka tsoma a kitse, in ta huce a bi ta da magagari. Aiki ne mai kyau, amma yana cin lokaci, dalma kuwa guba ce ga mai shaƙar ƙurarta. Cikin 1955 aka fito da wani ƙulli na roba a Amurka mai suna Bondo, wanda ke daskarewa cikin 'yan mintoci ba tare da wuta ba. Ƙullin ba shi da laifi in an shafa shi sirara bisa lafiyayyen ƙarfe. Laifin na masu son banza ne, waɗanda suka mai da shi abin toshe huji, wani lokaci har da ragar waya ko jarida a bayansa, a fesa fenti, mai saye ya yi wa rogo kallon kitse. Daga nan masu wayo suka koyi zuwa ciniki da maganaɗisu, su kuma duba tazarar ƙofa: in ta matse daga sama, motar ta soma sunkuyawa.

Gyara na gaskiya bai sake ba sosai tun wancan zamani. Kafin a yanke kome sai a tokare bakin ƙofa da sandunan ƙarfe, in ba haka ba bodin zai karkace da zarar an cire dokin ƙofa, ba kuwa zai komo ba. A huda ɗigon walda na asali ɗaya bayan ɗaya, a yi ta yanka har a kai ga ƙarfe mai haske, domin walda ba ta kama tsatsa. Inda faci ya wajaba, gwanaye sun fi son a haɗa baki da baki maimakon a ɗora falle kan falle, gama ruwa yana kwana a tsakanin ninki. Waldar kuwa ɗigo-ɗigo ake yinta, nan kaɗan can kaɗan, a bari ya huce, don zafi yana murɗe falle marar kauri. Daga ƙarshe a fesa kakin zuma ko makamancinsa cikin akwatin, abin da masana'antar ba ta yi ba.

Masana'antu sun gano magani, sai dai ya zo wa MGB a makare. Ford ta soma tsoma bodi cikin fenti da lantarki cikin shekarun 1960, don fentin ya shiga kowane lungu. Porsche ta soma yin bodin 911 duka da falle mai rufin tutiya wajen 1975. Tutiya ita ke karɓar cin a madadin ƙarfen, kamar yadda take yi a kwanon rufi.

Cikin 1988 kamfanin British Motor Heritage, wanda ya tattara sifofin matsi na asali, ya soma buga sabon bodin MGB sukutum. Mai mota ya sami ikon ya jefar da ruɓaɓɓen, ya mai da inji da ƙafafu da kujeru cikin sabo. Wannan ya ceci motoci da yawa, ya kuma ta da gardama: motar da aka sake wa bodi, alhali bodin shi ne firam ɗinta, ita ce ta 1965 ko wata ce? Gardamar ba ta banza ba ce ga mai tarihi, domin tsohon falle shaida ne. Tazarar ɗigon waldarsa tana nuna yadda ma'aikata suka yi aiki. Ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin motoci ta duniya ta fitar da Yarjejeniyar Turin cikin 2013, inda ta nemi a bar abin asali iyakar iyawa, a rubuta duk abin da aka sake, a yi masa alama.

Hukuma kuma ta janye hannunta. An kafa gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a Birtaniya cikin 1960, aka ƙara duban ƙarfin bodi a cikinsa cikin 1977. Cikin 2018 aka ɗauke wa motocin da suka wuce shekara 40 wannan tilas, in ba a yi musu babban canji ba, MGB ta ƙarshe kuwa ta cika arba'in cikin 2020. Daga nan mai ita yana iya hawa hanya ba wanda ya leƙa ƙarƙashin dokin ƙofarta, sai shi da maƙerin da ya rufe akwatin.