Tarbiyyar ruhi a addinin Kirista

Tarbiyyar ruhi wata tsohuwar al'ada ce ta Kiristoci, inda mai bi kan zaɓi wani da ya fi shi gogewa a ibada, yana bayyana masa halin da zuciyarsa ke ciki domin neman shawara.

A yau akan yi ganawar ce kamar sau ɗaya a wata, na tsawon sa'a guda, ana tattauna addu'a da jarrabawar rayuwa da manyan shawarwari irin su aure ko shiga aikin coci.

Asali

Al'adar dai ta samo tushe ne daga masu gudun duniya da suka kaɗaita a hamadar Masar a ƙarni na 3 da na 4, irin su Antoni, wanda ya rasu a shekara ta 356. Matasa kan je wurin dattawansu neman nasiha.

Wanda ya fi tsara ta a ɗarikar Katolika shi ne Ignatius na Loyola, sojan Spaniya da aka raunata a yaƙin Pamplona a 1521, wanda daga baya ya kafa ƙungiyar Jesuit.

A 1548 Paparoma Paul na Uku ya amince da littafinsa na atisayen ruhi, wanda ya tanadi halwa ta kusan kwana 30 ƙarƙashin kulawar jagora.

Iyakar jagora

Tarbiyyar ta bambanta da iƙirarin zunubi. A Katolika limamin coci kaɗai ke karɓar iƙirari ya furta gafara, amma jagoran ruhi yana iya zama mace ko wanda ba limami ba.

Tana kama da alaƙar shehi da muridi a ɗarikun Sufaye. To sai dai Ignatius ya gargaɗi jagora da kada ya karkata almajiri zuwa wata hanyar rayuwa, ya bar shi tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Wannan gargaɗi na da muhimmanci, domin wanda ya san sirrin zuciyar mutum yana iya juya shi yadda ya so.

Shi ya sa dokokin cocin Katolika na 1983, waɗanda suka wajabta samar da jagoran ruhi a kowace makarantar horar da limamai, suka kuma haramta neman ra'ayinsa yayin yanke shawarar naɗa ɗalibi limami ko korarsa.