Na'urorin wasannin harbi na da

Na'urorin wasannin harbi na da su ne injinan wasan bidiyo na gida da aka ƙera tun daga shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, waɗanda har yanzu ake nema domin buga wasannin da ɗan wasa ke tuƙa jirgi yana harbin abokan gaba yana kauce wa harsasai. Mafi yawan wasannin kamfanonin Japan ne suka yi su, kuma da yawa sun fara fitowa ne a manyan injinan da ake jefa wa kwabo kafin a mayar da su na gida. 

Asali

Wasan da ya buɗe wannan fage shi ne Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya tsara wa kamfanin Taito a shekarar 1978. Namco ya biyo baya da Galaxian a 1979 da Galaga a 1981. A cikin waɗannan wasanni jirgin yana ƙasan allo, yana motsi hagu da dama kawai. Daga baya aka sa filin wasan yana tafiya. A wasu jirgin yana nufar sama, kamar 1942 na Capcom (1984), a wasu kuma yana nufar dama, kamar Gradius na Konami (1985) da R-Type na Irem (1987). A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Cave ya fito da DonPachi da DoDonPachi, inda harsasai ke cika allo har sai ɗan wasa ya nemi 'yar kafar da zai ratsa.

Famicom da kwaikwayonta

Nintendo ya fitar da Famicom a Japan ranar 15 ga Yuli, 1983, sannan ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Tana da Galaga, Gradius, 1942, TwinBee da Star Soldier. Rauninta shi ne ba ta iya nuna fiye da abubuwa takwas masu motsi a kan layi ɗaya na allo, shi ya sa idan jirage suka yi yawa sai hoton ya riƙa ƙyafta. A wasan harbi wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin harsashin da ba a gani ba shi ke kashe mutum.

Abin da ya fi shiga gidajen Najeriya ba ainihin Famicom ba ce, kwaikwayonta ne da aka ƙera a Taiwan da Sin. Ana sayar da su da kaset mai ɗauke da alƙawarin dubban wasanni, alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa da sunaye daban. Wasu ma an yi musu siffar PlayStation duk da cewa kaset suke ci. Kaset ɗin Famicom yana da haƙora 60, na NES kuma 72, don haka ɗaya ba ya shiga cikin ɗayar sai da mahaɗi. Kwaikwayon yawanci tsarin Famicom suke bi.

PC Engine, Mega Drive da Super Nintendo

Masu sha'awar wannan nau'in wasa sun fi yabon PC Engine, wadda NEC da Hudson Soft suka fitar a watan Oktoba na 1987. 'Yar ƙarama ce, wasanninta na zuwa ne a kan kati mai suna HuCard, daga baya aka ƙara mata abin karanta faifan CD. A kanta aka samu R-Type, Gunhed, Soldier Blade da Gate of Thunder. Sai dai ba ta yaɗu a Afirka ba, kuma samunta da wasanninta yana da tsada.

Mega Drive ta Sega, wadda ta fito a 1988, tana amfani da ƙwaƙwalwar Motorola 68000 mai gudun kusan megahaz 7.6. Super Nintendo ta 1990 ta fi ta launuka, amma gudun ƙwaƙwalwarta bai wuce megahaz 3.58 ba. Bambancin ya fito fili a Gradius III da Super R-Type, inda wasan ke yin nauyi idan allo ya cika, yayin da Thunder Force III da MUSHA ke gudu sumul a Mega Drive. Duk da haka Axelay da Super Aleste, dukansu na 1992, sun nuna cewa ƙwarewar masu tsara wasa na iya rufe wannan giɓi. Ga wanda wasan harbi kawai ya dama, Mega Drive ce ta fi dacewa tsakanin biyun.

Zamanin faifai

Sega Saturn da PlayStation duk sun fito a 1994. Saturn ta yi suna da Radiant Silvergun na kamfanin Treasure (1998), Battle Garegga da DoDonPachi, amma yawancinsu a Japan kaɗai aka sayar. PlayStation na da Einhänder, R-Type Delta da G-Darius. PlayStation 2 ta 2000 tana da R-Type Final (2003) da Gradius V (2004), kuma tana buga faifan PlayStation ta farko. An riƙa ganinta a gidajen gem na arewacin Najeriya, ko da yake wasan ƙwallo ne ya fi jan jama'a a wuraren.

Abubuwan lura a Kano

Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai an san su ne da jima, robobi, saƙa da kayan abinci, ba da ƙera irin waɗannan na'urori ba. Duk na'urar da aka gani a unguwannin ma'aikata irin su Panshekara shigo da ita aka yi, sabuwa ko ta gwanjo, galibi ta hannun masu kayan lantarki na kasuwar Sabon Gari. Saboda haka ƙasar da aka yi na'urar dominta tana da muhimmanci.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Idan aka jona filogin na'urar Japan ko Amurka kai tsaye a soket, zai ƙone. Sai an sa ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ko a sauya filogin da wanda ya dace. Inda wuta ke hawa da sauka, ko ake amfani da janareta, sitabilaiza na kare na'urar.

Akwai kuma tsarin hoto. Najeriya da Ingila sun yi amfani da PAL mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, Japan da Amurka kuma NTSC mai sau 60. Tsofaffin wasanni da yawa ba a daidaita su ba lokacin da aka kai su Turai, don haka a na'urar PAL suna tafiya a hankali da kusan kashi 17 cikin ɗari, har kiɗansu ya yi sanyi. Na'urar NTSC kuma kan nuna baƙi da fari a talabijin ɗin da ba ta san tsarin ba.

Tsohuwar talabijin mai doro ta fi ta bango dacewa da waɗannan wasanni. Ta bango tana ɗaukar ɗan lokaci tana sarrafa hoton kafin ta nuna shi, kuma wannan jinkiri kan sa ɗan wasa ya makara wajen kaucewa. Bindigar roba da ke zuwa da kwaikwayon Famicom, wadda ake harbin agwagi da ita a Duck Hunt, ba ta aiki da talabijin ta bango. Ƙurar hunturu na toshe idon karanta faifai, tana kuma ɓata haƙoran kaset. Hura kaset da baki, kamar yadda yara suka saba, danshi yake sa masa har ya yi tsatsa. Goge haƙoran da auduga da sifirit ya fi.

Sababbin bugu

Kamfanonin sun sake fitar da ƙananan kwafi masu haɗuwa da talabijin ta zamani ta wayar HDMI, da wasanni a cikinsu. NES Classic Edition ta 2016 tana da wasanni 30, ciki har da Galaga da Gradius. Mega Drive Mini ta fito a 2019, PC Engine Mini kuma a 2020. Suna shan wuta ta USB, don haka bambancin ƙarfin wuta bai shafe su ba, amma ba sa karɓar tsofaffin kaset.