Gidajen Killace Shanu a Indiya: Jinƙai ko Adana Iri?

A Indiya, goshala ake kiran gidan da ake killace shanun da suka rasa mai kula da su. A yau ana yawan ambaton waɗannan gidaje a matsayin ma'adanar shanun asali masu tozo, irin su Gir da Sahiwal da Tharparkar. Tarihinsu bai goyi bayan wannan kallo sosai ba.

Jinƙai ne ya kafa su. Gidan dabbobi na Bombay, wanda attajiran birnin suka buɗe a 1834, an yi shi ne domin dabbobin da ke gararamba a titi. Ƙungiyoyin kare saniya da suka bazu bayan kiran Dayananda Saraswati a farkon shekarun 1880 su ma ran saniya suka dama da shi, ko wane iri ce. Sashe na 48 na tsarin mulkin 1950 ne ya haɗa manufofi biyu a wuri guda, wato inganta irin shanu da hana yanka su, alhali kuwa ba kullum suke tafiya tare ba. Mai inganta iri zaɓe yake yi, mai goshala kuwa ba ya mayar da dabbar da aka kawo masa.

Saboda haka abin da manomi ya yasar shi ne ke cika garken. Da tarakta ta yawaita, shanun huɗa suka rage daraja, sai bijimai da 'yan maruƙa maza suka zama nauyi. Shirin bunƙasa madara da aka fara a 1970 ya ƙarfafa barbara da shanun Turai, Jersey da Holstein, kuma 'ya'yansu ruwa-biyu, da zarar nono ya ƙafe, goshala suke nufa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2005, wanda ya amince wa jihar Gujarat ta hana yanka har tsofaffin bijimai, ya ƙara toshe wata mafitar. Ƙidayar dabbobi ta 2019 ta nuna shanun Turai da ruwa-biyu sun haura miliyan 50, na gida kuma sun ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari daga 2012.

A nan ne muke ganin rauni a shirin Rashtriya Gokul Mission na 2014, gwargwadon yadda ya sa rai ga goshala. Garken da ya cakuɗe, babu rajistar asali, babu keɓe bijimi, yana raya dabba amma ba ya riƙe iri. Saniyar Vechur ta Kerala, wadda ta kusa ƙarewa, a Jami'ar Aikin Gona ta Kerala aka ceto ta, inda Sosamma Iype da ɗalibanta suka fara bin ƙauyuka a 1989 suna neman 'yan tsirarun da suka rage, suna haɗa su barbara bisa tsari.