Sukur: Yadda Mutanen Kan Dutse Suka Riƙe Garinsu Har Duniya Ta San Da Shi

A watan Disamba na 1999, a birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, kwamitin hukumar UNESCO mai kula da wuraren tarihi ya sanya Sukur cikin jerin kayan gadon duniya. Shi ne wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi. Kurmin Osun da ke Osogbo bai biyo shi ba sai a 2005, ganuwar Kano da kufan Surame kuwa tun 2007 suke cikin jerin masu jiran a duba su. Sukur ƙauye ne a kan duwatsun Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, wajen kilomita 290 daga Yola. Mai son ganin fadar sarkinsa da ƙafa yake hawa. To, me ya sa ƙauyen manoma ya riga manyan birane? Amsar tana cikin tarihin yadda mutanensa suka yi ɗaruruwan shekaru suna gyara abin da suka gada, tun kafin wata hukuma ta san da zamansu.

Gari da gona duk da dutse

Mutanen suna kiran kansu da harshensu Sakun. Harshen yana cikin dangin harsunan Chadi, wato ɗan'uwan Hausa ne na nesa, kamar Margi da Bura. Tudun da suke zaune a kai ya haura mita 1,000. Sarkinsu ana ce masa Hidi, kuma gidan sarautar Dur da ke riƙe da wannan kujera ya kafu ne a wajen ƙarni na 17.

Wanda ya zauna a gangaren dutse, babban abokin gabarsa ruwan sama ne, domin kowace damina yana wanke ƙasar noma ya gangara da ita kwari. Mutanen Sukur sai suka yanka gangaren hawa-hawa. A kowane hawa suka jera duwatsu ba laka ba siminti, ƙasa ta taru a bayan jerin, ruwa ya tsaya ya nutse maimakon ya kwashe ta. A nan suke shuka dawa da gero da wake da gyaɗa. Aikin ba ya ƙarewa: damina takan rushe wani ɓangare, mai gona ya sake jera shi kafin shuka ta gaba. Takin ma dabararsa daban ce. A cikin gida akan gina wa sa wani ɗaki mai zurfi kamar rami, a killace shi a ciki ana kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba. Naman na ranar biki ne, kashin kuma na gona.

Katangun gidaje, masussuka, gindin rumbuna, bakin rijiyoyi, duk da dutse aka yi su. Fadar Hidi tana kewaye da doguwar katanga mai ƙofofi, sannan daga gindin tudun aka shimfiɗa hanyoyi da faffaɗan duwatsu har zuwa sama. Labarin gargajiya ya ce wasu ƙatta biyu, Fula da Deve, su ne suka yi wannan gagarumin aiki, har ana kiran dogayen duwatsu biyu na bakin ƙofa da sunayensu. Masu bincike kuwa abin da suka gani shi ne aikin gayya na zuriya bayan zuriya, wanda sarki ke kira unguwanni su amsa.

Zamanin ƙarfe

Noman kan dutse shi kaɗai ba zai ɗauki nauyin irin wannan gini ba. Abin da ya ɗaga Sukur shi ne ƙarfe. Bayan an yi ruwa, akan bi magudanai ana tara wani baƙin yashi mai nauyi wanda tama ke cikinsa, a wanke shi, a haɗa da gawayi a zuba a murhun narki. Murhun duwatsun Mandara ya sha bamban da na wurare da yawa, domin mai zuga a sama yake zama, iskar zugazugi ta bi wani dogon bututun yumɓu ta sauka tsakiyar wutar. A Sukur, narkar da tama sana'ar kusan kowane gida ce da rani. Ƙira kuwa ta wasu gidaje ce keɓaɓɓu, waɗanda matansu ke ginin tukwane.

Ƙarfen da ya fito akan buge shi sanduna-sanduna, a yi fartanya da gatari da lauje, har sandunan suka zama kamar kuɗi a ciniki da biyan sadaki. Fatake daga ƙasar Borno suna zuwa saye, maƙwabta suna kawo tama da gawayi da hatsi. Hidi shi ne mai tabbatar da zaman lafiyar kasuwa da tsaron hanyar baƙi, don haka rabonsa yana shigowa, kuma da shi ake ciyar da masu gayya. Sunan garin ya yi nisa har matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya ratsa ƙasar Margi a 1851 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya ji labarinsa ya rubuta shi a matsayin gari mai ƙarfi da ke cin gashin kansa. A lokacin Fulanin Adamawa sun kafu a Madagali, amma doki ba ya hawa irin wannan dutse da gudu, sai Sukur ya ƙare ƙarni na 19 ba a ci shi da yaƙi ba.

Bindiga, Turawa da faɗuwar kasuwa

Abin da doki ya kasa, bindiga ta yi. A farkon ƙarni na 20 yankin ya faɗa cikin Kamarun Jamus. Hamman Yaji, wanda ya hau sarautar Madagali a 1902, ya mallaki bindigogin zamani, ya shiga kai wa mutanen duwatsu hari yana kama bayi da dabbobi. Shi da kansa ya bar shaida, domin ya sa ana rubuta masa abubuwan da ke faruwa daga 1912 zuwa 1927, kuma sunan Sukur ya fito a ciki sau da dama. Masu bincike James Vaughan da Anthony Kirk-Greene sun buga wannan kundi a 1995. A wajen 1920 garin ya shiga hannunsa, mutane da yawa suka watse zuwa wasu duwatsu. Bayan yaƙin duniya na farko yankin ya koma hannun Ingila, kuma a 1927 Turawa suka tuɓe Hamman Yaji.

A hannun Hamman Yaji Sukur ya kusa zama kufai. Waɗanda suka gudu suka dawo, suka tayar da jerin duwatsun da suka zube, suka sake ɗora jinka, sarauta ta koma mazauninta. Sai dai wata matsalar ta biyo baya wadda ba ta da bindiga. Ƙarfen Turawa mai araha, da tarkacen motoci da na jirgin ƙasa, suka cika kasuwanni, maƙera suka daina neman na gida. Lokacin da wani mai bincike, Hamo Sassoon, ya je ya kalli narkar da tama a Sukur a farkon shekarun 1960, sana'ar tana gab da mutuwa. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi shiga Najeriya, Sukur ya zama yanki na lardin Sardauna, daga baya jihar Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991. Da zaman lafiya ya samu, iyalai da yawa suka sauka fili inda akwai gona mai faɗi, kasuwa, makaranta da hanyar mota. Daga nan aka samu Sukur Sama da Sukur Ƙasa.

A wurare da yawa irin wannan sauka ita ce ƙarshen tsohon gari. A Sukur wasu gidaje sun ƙi sauka, Hidi ya ci gaba da zama a fadarsa, kuma bukukuwan shekara irin su Yawal da Zoku da na shigar samari sahun manya ba a yin su sai a sama. Don haka na ƙasa ma dole su riƙa hawa, kuma hanyar da za a bi da fadar da za a taru dole a gyara su. Yawancin mutanen yau Kirista ne ko Musulmi, amma gayyar gyaran fada ba ta tambayar addinin kowa.

Daga gayya zuwa takarda

A 1992 UNESCO ta buɗe wani sabon babi a dokokinta: ta yarda cewa ƙasar da mutane suka sarrafa da hannunsu, gonaki da hanyoyi da wuraren ibada a haɗe, ita ma abin gado ce kamar masallaci ko fada. A wannan shekarar ce Nicholas David da Judy Sterner, masu bincike daga Kanada, suka fara dogon zama a Sukur. Sun tona tsohon jujin da ke kusa da fada, sun rubuta tarihin dangogi da sarautu daga bakin dattawa, sun zana taswirar gidan Hidi. Abin da suka tattara ya zama ginshiƙin takardar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta shirya.

Dokar da ke kare wurin ƙafa uku gare ta. Akwai dokar tarayya mai lamba 77 ta 1979 wadda ta kafa hukumar. Akwai sanarwar gwamnatin Adamawa ta ranar 20 ga Nuwamba, 1997. Ta ukun ita ce rubutacciyar amincewar Hidi da majalisarsa, wato masu wurin ne suka sa hannu, ba a ƙwace musu aka kafa allo ba. An shata fili mai faɗin hekta 764, da wani na kariya mai hekta 1,178 a kewayensa. Sukur ya zama irinsa na farko da aka yi wa rajista a nahiyar Afirka. A 2010 aka ƙaddamar da kwamitin gudanarwa, kuma ƙungiyar ci gaban Sukur, wadda 'yan garin suka kafa, tana cikin masu faɗa a ji. Amma gyaran kansa bai sauya hannu ba: shuci da zana da igiya da dutse, da mutanen da suka san inda kowane yake zama.

Wutar 2014

A watan Agustan 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Madagali. A watan Disamba suka hau Sukur, suka ƙone gidaje da rumbuna da ɗakunan fadar Hidi, suka kora dabbobi, jama'a suka tsere cikin duwatsu da garuruwan nesa. Babu wata takardar UNESCO da ta tare su. Bayan sojoji sun ƙwato yankin a 2015, mutane suka fara komowa. Wuta ta cinye jinka da itace, ta bar katangun dutse a tsaye. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai: da gayya aka rufe ɗakunan fada, kamar yadda kakanninsu suka yi bayan Hamman Yaji.

Taimakon waje ya zo daga baya. A 2018 asusun World Monuments Fund ya sanya Sukur cikin wuraren da ke buƙatar kulawar gaggawa. A 2021 aka yi taro a Yola kan illar sauyin yanayi ga wurin, da wakilan garin a ciki. Asusun jakadan Amurka na adana al'adu shi ma ya tallafa wa reshen Najeriya na ICOMOS, ƙungiyar masana kula da wuraren tarihi, don a rubuta gine-ginen a kuma gyara su. Can tsallaken iyaka, tsofaffin gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy a Kamaru sun shiga jerin UNESCO a 2025, abin da ya ƙara jawo ido kan duwatsun Mandara baki ɗaya.

Abin da ya rage

Barazanar yau a hankali take tafiya. Ciyawar jinka tana wuyar samu, kwanon rufi kuma ba ya buƙatar sauyi kowace 'yan shekaru, ga shi wuta ba ta cin sa da sauƙi. Damina ta rikice. Samari suna tafiya Mubi da Yola da Maiduguri neman karatu da aiki, alhali jera dutse ba laka ilimi ne da ake koya a gona, kusa da uba. Ba adalci ba ne a ce wa mutum ya zauna cikin rashin asibiti da ruwan sha don baƙo ya zo ya ɗauki hoto. Duk mai son Sukur ya ɗore, sai ya sa zama a kan dutsen ya zama abin da matashi zai iya zaɓa: makaranta mai malamai, ɗakin shan magani, tsaro, da rabo bayyananne daga abin da baƙi ke kawowa.

Mu ma a ƙasar Hausa darasin ya shafe mu. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye saboda ana fita gayyar gyaranta. Da aka daina, masu ɗibar ƙasa da masu neman fuloti suka gaje ta. Surame da Alƙalawa sun zama kufai da mutanensu suka tashi. Babban masallacin Jenne a Mali kuwa yana nan saboda duk shekara gari ke fitowa yaɓe. Kusan kowace masarauta tana da tsohon ƙauyen da ta samo asali, da rijiyarsa da kukarsa da maƙabartarsa da burtalinsa. Kada masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban gari su jira Abuja ko UNESCO. A zauna da dattawa a rubuta abin da suka sani tun suna raye, a shata iyakar wurin a gaban hakimi, a sa ranar gayya a kowace shekara, kuma a kai yara su yi aikin da hannunsu.