Rana da Inuwa a Hoton Kano

Turawa sun ci Kano cikin 1903, jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, sa'an nan aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin baƙi daga Kudu. A cikin baƙin nan ne masu ɗaukar hoto suka yawaita. Mutumin Fagge in yana son hoto, sai ya ci ado ya tsallaka can, da ma maƙwabta ne. Mai hoto ya kafa akwatinsa bisa ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ce kada a motsa.

To, a nan wahalar take. Ranar Kano tana da ƙarfi, ga farar riga, ga baƙar fuska ƙarƙashin rawani. Idon mutum yana ganinsu duka lokaci guda, amma akwatin ba ya iyawa. In an rage haske domin aikin rigar ya fito, sai fuska ta yi duhu, ba a shaida mai ita, irin hoton nan kuwa ba shi da amfani a fasfon mai niyyar hajji. In an ƙara domin fuska, sai riga ta yi fari fat, aska takwas ɗin da aka kashe wa kuɗi ta ɓace. Saboda haka gwanaye sukan zaunar da mutum a inuwa, ko su jira la'asar.

Ashe tun kafin haka wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya gamu da irin wannan wajen ɗaukar teku. Wajen 1857 yakan ɗauki ruwa daban, sararin sama daban, ya haɗa su a takarda guda. Amma aiki ne mai cin lokaci ƙwarai.

Cikin 1975 aka ƙera kyamara marar fim a kamfanin Kodak na Amurka. Cikin 2010 kuma kamfanin Apple ya sa dabarar haɗin nan a wayarsa, ana kiranta HDR. Watau a lokacin wayar takan ɗauki hoto uku cikin ƙiftawar ido, mai duhu da matsakaici da mai haske, ta tsinci mai kyau daga kowanne. Ga fuska, ga ɗinki, ko da tsakar rana. A ganina dai wani lokaci takan wuce gona da iri, ta haskaka cikin zaure har ya zama ba a bambanta shi da bakin titi.